Yadda Gullan Ta Jawo wa Ƙaninta Ciwon Hanta

A garin Arjeplog, can arewa ƙasar ƙanƙara, ba a tambayar mutum ko akwai ciwon a gidansu, sai dai a tambaya ta wajen uwa ne ko ta wajen uba. Na Gullan Lestander ta wajen uwa ne. Likitoci suna ce masa porfiriya, amma a gari babu mai wahalar da harshensa, ciwon dangi kawai ake cewa. Yana kama ciki kamar ana murɗa hanji da muciya, mutum ya yi ta amai, wani ya ruɗe ya riƙa ganin abin da babu, wani kuma hannu da ƙafa su saki. In aka ajiye fitsarin mai shi a haske, kafin yamma ya koma ja wur kamar zoɓo. Uwar Gullan tana da wani kwano da take ɗorawa a taga don wannan aiki, kuma da shi yara suke gane ko yau za a ɗora tukunya ko kowa ya nemi busasshen burodi.

Uwar ta rasu Gullan ba ta gama makaranta ba. Ta bar ta da uba masunci wanda magana ke yi wa tsada, da ƙaninta Sixten mai yoyon majina. Gullan ce ta raine shi, wato ita ta yi ta dungure masa kai har ya yi tsawon da hannunta ba ya kaiwa.

Da ta zama budurwa sai ta tafi kudu aikin girki a gidan wasu masu hali. Can ta ga 'yan matan birni kamar tsinke, ita ma ta ce sai ta rame, ta daina cin abinci. Sati bai zagayo ba ciwon ya ce ga ni. A asibitin can ba a san ciwon dangin mutanen arewa ba. Suka tsaga ta suka cire 'yar hanjin da ba ta yi wa kowa laifi ba, ciki bai daina ba, suka ba ta maganin barci don ta huta, maganin kuwa shi ne babban abokin gabar mai wannan ciwo. Ta wayi gari daga wuya zuwa ƙasa ba abin da ke motsi. Aka kira fasto ya zo ya yi mata addu'ar sallama. Ya buɗe littafi ya fara.

"Ranka ya daɗe," in ji Gullan, da ƙyar ake jin ta, "kafin ka miƙa ni, ɗan sosa min hanci."

Ya sosa. Ta ce ya ɗan yi hagu. Ya yi hagu. Washegari wani likita ya ga kwalbar fitsarinta da aka manta a taga ta yi ja, ya gane, aka daina maganin barcin, aka saka mata ruwan sukari. Sai da ta shekara kafin ta iya riƙe cokali, kuma yatsun hannunta na hagu ba su sake miƙewa daidai ba. Ta dawo gida da tabo a ciki da dokokin likita: kada ta taɓa zama da yunwa, ta ci abinci mai nauyi da zaƙi, ba giya, ba shan magani sai wanda aka yarje mata. Dokar farko ta riƙe ta fiye da duk abin da aka koya mata a coci. Ko ana tsakiyar wa'azi za ka ji ƙaras-ƙaras daga bencin baya, in aka waiwaya ta nuna kumatu ta ce, "Magani ne."

Helmer, direban motar wasiƙu, shi ya ce yana so. Uwarsa Tekla ta zo har gida ta kalli Gullan daga sama zuwa ƙasa, sannan ta juya ga ɗanta kamar ba kowa a ɗakin.

"Wannan ai ba mata za ka aura ba, jana'iza za ka ɗauko. Ko shekara biyar ba za ta yi ba."

"Iya, ki ƙara kofi," in ji Gullan. "Ki sha da zafinsa, wa ya san wanda za a riga kaiwa."

Aka ɗaura aure. Shekara tara bayan nan Gullan ce ta yi girkin zaman makokin Tekla, kuma kowa ya shaida ba a taɓa cin abinci mai daɗi irin na ranar ba.

Helmer mutumin kirki ne, amma ya mayar da mutuwar matarsa sana'a. In ta yi tsaki sai ya ɗauko makullin mota. In ta daɗe a banɗaki sai ya ƙwanƙwasa ya tambayi launi. Ciwon yana zuwa kuwa, ba wasa ba. Akwai shekarun da yakan kwantar da ita sau uku, ta yi ta birgima tana zagin Helmer da uwarsa da duk wanda ya kawo wannan jini garin tun farko, a kai ta asibiti, ta dawo ta ɗaura gyalen girki. Lokacin da take da cikin 'yarsu Ylva, gari ya gama yanke mata hukunci, har wata maƙwabciya ta fara tambayar wa za a bar wa keken ɗinkin. Ta haihu lafiya, ta aika wa maƙwabciyar da allura guda ɗaya, ta ce ta fara da wannan.

Da kamfanonin motoci suka gano tafkunanmu suna daskarewa har a yi tsere a kansu, sai gari ya cika da Jamusawa duk lokacin sanyi, suna gwada birki a kan ƙanƙara. Gullan ta buɗe ɗakin cin abinci a bakin tafki. Abin da take dafawa ɗaya ne, palt, dunƙulen dankali da nama a ciki, wanda in mutum ya ci uku sai ya nemi bango ya jingina. Wani injiniya ya taɓa roƙonta ta rage man shanu. Ta ce masa likita ne ya rubuta mata haka. Ya ce ai shi ba shi da ciwon. Ta ce to ya gode wa Allah ya ci abincinsa.

Sixten kuwa shi ke share musu hanyoyi a kan tafkin da babbar motar ture dusar ƙanƙara. Bai yi aure ba, bai taɓa kwana a asibiti ba, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka. Yakan fasa ƙanƙara ya shiga ruwa tsirara a tsakiyar sanyi, ya fito ja kamar ɗanyen nama yana bugun ƙirji. A wajensa ciwon dangi na mata ne da ragwaye. Da aka zo da sabon gwajin jini aka ce duk zuri'a su bayar, ya miƙa hannu ne kawai don ya rufe wa Gullan baki. Sakamako ya fito: Ylva ta tsira, Sixten yana ɗauke da shi.

"Jinin wani suka auna," in ji shi.

"Na wa? Kai kaɗai ne jininka ke warin man dizal, ba yadda za a yi su rikita."

Ba da daɗewa ba wata likita ta zo daga babban asibiti na bakin teku, ta tara mutane a zauren coci. Ta ce sun lura masu wannan jini, in sun haura hamsin, sankarar hanta tana kama su fiye da sauran jama'a nesa ba kusa ba, har da waɗanda ciwon bai taɓa kayar da su ba. Ta ce hawan jini da lalacewar ƙoda ma suna bin su. In aka ga abin yana ƙarami ana iya yankewa, in kuwa mutum ya jira sai ya ji a jikinsa, to an makara. Don haka duk shekara kowa ya zo a haska cikinsa. Kowa a zauren ya tuna wani kawu ko wata goggo da idonta ya yi rawaya a bazara aka binne ta kafin dusar farko. Gullan ta ɗaga hannu ta tambaya ko za a ba da abinci a mota.

Ita ta mayar da tafiyar biki. Duk kaka sai ta tara 'yan uwa tsofaffi a bas, ana ce musu 'yan hanta, a je a shafa musu abu mai sanyi a ciki a goga na'ura, a fito a shiga kantuna, a dawo ana waƙa. A cikin shekarun nan ne Helmer, wanda bai taɓa ko mura mai kirki ba, ya faɗi yana faskare a bayan gida, zuciya ta tsaya. Gullan ta zo ta tsaya a kansa. Da maƙwabta suka taru sai ta ce, "Shekara talatin yana tsaye a ƙofa yana jiran in wuce, ashe shi ke sauri." Sannan ta shiga ɗaki ta kulle, ba a gan ta ba sai ranar jana'iza.

Sixten bai taɓa shiga bas ɗin 'yan hanta ba. Duk takardar kira da ta zo, da ita yake hura murhu. Gullan ta yi lallashi, ta yi zagi, ta hana shi palt wata guda, duk a banza. Sai ta ɗauki waya ta kira asibiti, ta ce ita ce matar Sixten Lestander, mijinta yana da kunya, a ba shi rana ɗaya da ta yayarsa.

Ran tafiya ta buga masa ƙofa da safe, ta ce bas ya cika, ƙafarta na ciwo, kuma ta ji ana karyar da farashin injin kwalekwale a bakin teku. Maganar injin ce ta fito da shi. Sun yi nisa a daji ya ce ta miƙo kwandon abinci.

"Na manta."

Ya kusa faɗawa rami. "Ke? Kin manta abinci?"

"Tsufa ne. Kalli hanya, ga barewa can."

Da yana da wayo da a nan ya juya, don Gullan ba ta taɓa zuwa ko bakin titi ba guzuri ba. Ita dai an gaya mata a kawo shi ciki ba komai, ta kuwa kawo shi, tana tsotsar sukarinta a ɓoye har suka isa.

Ta ce ya raka ta ciki ya riƙe mata jaka. Ɗakin jira cike yake da 'yan hanta, duk sun riga su isowa, duk sun san shirin, kowa ya sunkuyar da kai yana karanta jarida, har da wanda ya riƙe tasa a kife. Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta kira sunan Sixten Lestander. Ya kalli Gullan. Ya kalli ƙofar fita.

"Ki yi haƙuri 'yar nan," in ji Gullan da ƙarfi yadda har na ƙarshen baranda zai ji. "Tsoro yake ji. Tun yana yaro haka yake, ko aski sai na danne shi."

"Wa ke tsoro? Ni?"

"Ba komai, ɗan ƙanina, zauna. Ba kowa Allah ya ba zuciya ba."

Ya jefar mata da jakar a cinya, ya shiga yana huci. Ma'aikaciyar ta tambayi Gullan ko ita ce matar tasa. Ta ce Allah ya kiyaye.

Na kowa minti kaɗan ne. Nasa ya daɗe. Aka kira wani likita, ya shiga, aka sake kiran wani. Gullan ta ga haka sai sukarin da ke bakinta ya koma kamar toka. Ta tashi ta shiga banɗaki, ta riƙe bakin wurin wanke hannu da yatsunta karkatattu, ta yi kukan da ba ta bari an gani ba ranar Helmer. Ta wanke fuska ta fito, ta ce wa 'yan hanta sabulun asibitin nan yana shiga ido.

Abin da suka gano ƙulli ne kamar ƙwan tantabara a gefen dama na hantarsa. Likita ya ce sun yi sa'a, da an ƙara shekara da labari ya sha bamban. A hanyar komawa, da suka hango fitilun gari, Sixten ya waiwayo ya tambaye ta.

"Ina injin kwalekwalen?"

"An sayar."

Aka tura shi wani asibiti a kudu aka yanke kusan rabin hantar. Gullan ta rufe ɗakin abincinta a tsakiyar kakar Jamusawa ta bi shi, ta zauna a kujerar roba tana saƙa safa mai ƙafa ɗaya, ta warware ta sake. Da ya farfaɗo, bututu ta hanci bututu ta ciki, ya buɗe ido ya gan ta, abin da ya fara cewa shi ne:

"Kin ga abin da kika jawo min."

Kuma a kan wannan magana ya tsaya. Duk wanda ya zauna kusa da shi a gidan mai ko a bakin tafki sai ya sha labarin: shi da ƙafarsa ya shiga asibitin nan lafiya garau, ko ciwon kai ba ya yi, ya fito da sankara. Wa ya kai shi? Gullan. In aka ce ai ranka ta ceta, sai ya ce kafin ta sa baki wa ya ce ran yana cikin haɗari? Yakan ɗaga riga ya nuna tabon, dogo mai lanƙwasa kamar hanyar dutse. Gullan ta ɗaga tata ita ma a gaban baƙi ta ce nata ya girmi nasa da shekara arba'in, kuma ita an yanke ta ne a kan ba komai, wanda ya fi ciwo. Jamusawa su sunkuyar da kai cikin kwanonsu. Amma tun daga lokacin, duk kaka, ana ganin motar Sixten a bayan bas ɗin 'yan hanta. Ya ce ba asibiti za shi ba, hanya ce ta haɗa su.

Shekaru suka ja. Hantarsa ta sake tofowa, ya koma shiga ruwan ƙanƙara. Ita kuwa Gullan jini ya hau, ƙoda ta fara gajiya, ƙafafu suka kumbura har ta koma sa takalman Helmer. Ta haura saba'in aka ga nata ƙullin a hanta. Suka ƙone shi da allura, ya lafa, shekara ta zagayo ya dawo da 'yan uwansa. Likita ta zaunar da ita ta ce ƙodarta da zuciyarta ba za su ɗauki yanka ba. Ta yi ta zaɓen kalmomi, har Gullan ta ji tausayinta.

"'Yata, kada ki wahalar da kanki. Tun ba a haifi uwarki ba ake min wannan albishir. Wannan karon dai da gaske ne ko? Kada in je in gaya wa mutane kuma in ji kunya."

Likita ta ce da gaske ne.

A mota ta gaya wa Sixten. Ya taka birki a tsakiyar titi, ya fita, ya tsaya a bakin daji ya juya mata baya. Da ya dawo idonsa ja, ya ce duk laifin na'urar nan ce, ba wanda ta taɓa haskawa ya ga alheri. Washegari ya kwaso kayansa a buhu biyu ya tare a ɗakin Ylva. Ylva tana zuwa daga kudu duk ƙarshen wata, amma yau da gobe na Sixten ne. Ya koyi jera magani, ya koyi ɗaga ta ba tare da ya ja hannun hagun ba. Girki ne dai ya gagara. Ya yi palt, ta ɗauki ɗaya ta sake shi a faranti, ya yi ƙara.

"Wannan ka kai wa Jamusawa su gwada birki a kai."

"In ba ki so ki tashi ki dafa."

"Da zan iya tashi da kai zan fara dafawa."

Wata rana ta ce ya kawo mata giya, tunda yanzu ba abin da za ta lalata wanda bai lalace ba. Ya kawo 'yar kaɗan a ƙaramin kofi, yana ɗari-ɗari. Ta kurɓa, ta yamutsa fuska, ta tofar a tawul.

"Wannan ce? Wannan aka hana ni duk rayuwata, har ina jin haushi? Ai da sun ce min haka take da ban damu ba."

Ta ja har kaka. Idonta ya yi rawaya, ta ce a kawo madubi, ta duba ta ce launin bai karɓe ta ba. Lokacin farautar daji ya zo, abokan Sixten suka tsaya da mota a ƙofa suna masa oda, ya leƙa ya ce bindigarsa ta lalace. Gullan ta ji, ba ta ce komai ba, wanda a wajenta babbar magana ce.

Ranar ƙarshe da hantsi ta ce ya buɗe taga. Iska ta shigo da sanyi mai cizo. Ta shaƙa, ta ce daren yau raɓa za ta daskare, kuma dankalinta yana ƙasa.

"Bar dankalin nan, Gullan."

"Ni na shuka shi. Tashi ka tone, malalaci. Ka fara da na bakin shinge, kuma kada ka soke min su da cebur."

Ya fita yana gunaguni. Ya tone layi biyu, ya cika bokiti, ya kawo ya nuna mata don ta ga bai soke ko ɗaya ba. Ya tarar ta juya fuska wajen taga, baki a ɗan buɗe. Ya ajiye bokitin. Ya zauna a gefen gadon ya riƙe hannunta har ya huce, ya rufe mata ido, ya ja bargo ya gyara. Sannan ya kira Ylva, ya kira fasto. Kafin su iso akwai sauran rana, sai ya koma lambu ya ƙarasa sauran layukan.